Masai Kusa da Rijiya

Tambaya: Malam, a Rigasa muke. Da damina ruwan rijiyarmu yakan yi wari, ga masai dab da ita. Yaya za mu yi?

Amsa: Hajiya, kada a ƙara shan ruwan nan sai an tafasa. Da damina ruwan ƙasa yakan taso ya kwaso ƙazantar ramin zuwa rijiya, ta nan kwalara da taifod ke shigowa gida. Ƙa'idar tazara mita 30 ce, masai yana ta gangare. Filayenmu kuwa ba su da wannan faɗin, don haka a gina ramin da bulo, a shafe bango da ƙasansa da siminti. In saura rabin mita ya cika, a kira motar kwasa. Don Allah kada a saki ƙazantar cikin kwata.