Ga 'yar'uwar da shugabanni suka kira zama

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki: daga gida kike aiki, aikin ya ja baya a 'yan watannin nan, yanzu manaja da wata daga sashen kula da ma'aikata sun kira ki zama ta Zoom, gabanki sai faɗuwa yake. Ni ma na daɗe ina aiki daga gida. An taɓa kirana irin wannan zaman, daga baya kuma na zauna cikin masu kiran.

Kafin ranar, ki tura wa manajan gajeren saƙo ki tambayi abin da za a tattauna. Ba rashin kunya ba ne, kuma zai rage miki zullumi.

Abin da ya fi kayar da mu a irin wannan wuri kawaici ne. An raine mu a kan ɓoye damuwa, sai a ce "me ke faruwa?" ki ce "ba komai, zan gyara in sha Allah." To shi manajan da ke zaune a ofis, wuta da intanet ba sa yanke masa, bai san halin da kike ciki ba. Rahoton da ya makara yake gani, da kyamararki a kashe. In kika yi shiru zai yi wa abin fassara da kansa, kuma galibi sakaci zai kira shi.

Ki ɗauki littafi ki rubuta ayyukan da suka makara, kowanne da dalilinsa. Za ki ga dalilan sun bambanta. Na wuta da intanet ki faɗe su kai tsaye, da lissafi: nawa data ke cinye miki a wata, awa nawa ake kawo wuta a unguwarku. Kowa ya san tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 tayar da janareta yini guda ya fi ƙarfin masu albashi da yawa, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari.

Na cikin gida su ne masu wuyar faɗa. Har yau mutanenmu gani suke wanda ke gida ba aiki yake ba. Kina tsakiyar taro maƙwabciya ta doka sallama, ta zauna a bakin gado ta ja hira, ke kuma nauyin ce mata ta tafi kike ji. Yara su dawo daga makaranta suna kiran Umma. Wannan ba sai kin baje musu shi a faifai ba. Ya isa ki ce kina sake tsarin lokacinki, ki faɗi awannin da tabbas za a same ki. In kuma rashin lafiya ne ko damuwa ta yi miki yawa, ki ga likita, su kuma ki gaya musu iya abin da ya shafi aiki.

Ranar zaman ki cika caji, ki tanadi layi na biyu. Ki bar su su fara, kada ki katse su ko da maganar ta sosa miki rai. Abin da yake gaskiya ki amsa shi sau ɗaya, ban da jera "a yi haƙuri." In sun ce ƙoƙarinki ya ragu, ki roƙi misali: wane aiki, yaushe? Sannan ki kawo buƙatarki, domin a ganina nan ne zaman ke juyawa. Kuɗin data ne, ko taimakon sayen ƙaramar sola, ko a matsar da awanninki zuwa lokacin da kuke samun wuta, ko a riƙa gajeriyar ganawa duk mako? Ki zaɓi ɗaya ko biyu da za ki iya tsayawa a kansu. Da nake ɓangaren masu kira, wanda ya zo da abin da yake so a yi masa ya fi sauƙin karewa a wurin na sama.

In suka kawo takardar gargaɗi ko wa'adin gyara, kada ki sa hannu nan take. Ki nemi lokaci ki karanta, ki duba takardar ɗaukarki aiki. Bayan an tashi kuma, a ranar, ki tura imel mai ɗauke da abin da aka amince, wa zai yi me da kuma yaushe, ki ajiye kwafi a wurinki.

Allah ya ba ki sa'a, ki dawo ki gaya mana yadda aka yi.