Wasan Takwas da Karta

Tambaya: Malam, mu huɗu ne muke zama da yamma. Wane wasa za mu yi da karta mai 52, ba na caca ba?

Amsa: Ku gwada wasan takwas, ɗan'uwan Whot ne. A cire joka, a cakuɗa, a ba kowa biyar, a buɗe ɗaya a tsakiya. Kowa ya ɗora mai lamba ko alama iri ɗaya da ta sama. Wanda ba shi da ita ya ja ɗaya. Takwas kuwa tana hawa kan kowace karta, mai ita ya zaɓi alamar da za a bi. Wanda hannunsa ya fara ƙarewa ya ci. Kada ka riƙe takwas har ƙarshe: in wani ya ci tana hannunka, asarar maki 50 take jawo maka.