Akwatin wasiƙa a katangata: zan iya cire shi?

Tambaya: Barista, na sayi gida a Ayalan. A jikin katangar akwai tsohon koren akwatin wasiƙa na ƙarfe mai tambarin VR. Ina so in fasa wurin in yi ƙofar shigar mota. Ina mafita?

Amsa: Malam, ajiye gudumar tukuna. VR ɗin nan tambarin Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya ne, wadda ta rasu a 1901, ka ga akwatin ya girmi ƙasar kanta. Ja ne a da, sai bayan 'yancin 1922 aka shafe irinsu da kore. A ƙa'ida ba naka ba ne ma, na hukumar gidan waya An Post ne, ko da katangar taka ce.

Fara da duba rajistar gine-ginen da doka ta kare, wadda ke cikin tsarin raya ƙasa na ƙaramar hukumarku. Kada ka rikita ta da kundin gine-ginen tarihi na ƙasa, wato NIAH: shi wannan ƙidaya ce da shawara kawai, rajistar ce mai haƙori. In akwatin yana ciki, ko gidan kansa, to katangar ma kan shiga ƙarƙashin kariyar. Dokar tsara ƙasa ta 2000 ta mai da lalata irin wannan gini babban laifi, har da ɗaurin da kan kai shekara 2, kuma sabuwar dokar 2024 ba ta janye kariyar ba. Barin ginin ya ruɓe ma doka ta hana, hukuma na iya tilasta maka gyara.

Abin da zan ba ka shawara: rubuta wa ƙaramar hukuma ka nemi takardar da aka sani da ta sashe na 57 na dokar 2000. Cikin mako 12 za su fayyace maka aikin da zai taɓa martabar ginin da wanda ba zai taɓa ba. Rushe katangar kam sai da cikakken izinin gini, kuma ban cika sa rai ba. Ya fi sauƙi mai zanenka ya matsar da ƙofar gefe, akwatin ya zauna inda yake.

Ko babu shi a rajista, buɗe sabuwar ƙofa kan titin da faɗin kwaltarsa ya wuce mita 4 yana buƙatar izini. Kuma An Post kaɗai ke da hurumin ɗauke akwatinta, don haka ka rubuta musu su ma, ka adana amsar.