Awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Jidda?

Tambaya: Zan tafi Umra, kuma tikitina ya nuna za mu tashi daga Kano ƙarfe 12 na rana mu sauka Jidda ƙarfe 8 na dare, amma a dawowa za mu tashi ƙarfe 9 na safe mu iso ƙarfe 1 na rana. Yaya aka yi zuwa ya ci awa takwas, dawowa kuma awa huɗu? Nawa ne ainihin nisan?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa a yi ibada karɓaɓɓiya. Tikitinki ba shi da kuskure, domin kamfanonin jirage suna rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka bari, lokacin sauka kuma da agogon garin da aka isa. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da awa biyu, saboda haka idan kin sauka ƙarfe 8 na dare a Jidda, a Kano ƙarfe 6 ne na yamma. Ki cire awa biyu daga tafiyar zuwa, ki ƙara su a kan ta dawowa, za ki ga kowacce awa shida ce.

Nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, idan aka miƙe hanya, ya kai kimanin kilomita 3,400, ta saman Cadi da Sudan, sannan a ƙetare Bahar Maliya. Jirgin fasinja, idan ya daidaita a sama, yakan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda, wato kusan awa huɗu ke nan, amma idan aka haɗa da lokacin hawa, da na sauka, da gangarawar da yake yi a ƙasa kafin ya isa titin tashi, tafiyar takan kai awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Ragowar lokacin da kika gani, mafi yawanci zagaye ne ke jawo shi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma kewayawa ta kudu ko ta arewa, abin da ya tsawaita tafiyar, ya kuma ƙara kuɗin mai. A ganina wannan jinkiri ne da ya kamata fasinja ya yi maraba da shi, domin tsaron rai ya fi saurin isa.

Iska ma tana da tata rawar, ko da yake ba ta da yawa a wannan hanya. Da damina akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas a can sama, wadda takan ɗan rage wa jirgin da ya nufi Jidda gudu, ta kuma tura mai dawowa.

Idan kina shan magani a kan lokaci, ki lissafa da agogon gida har ki sauka. Kuma tun da Jidda za ki sauka, ki shirya haraminki kafin shiga jirgi, saboda ana wuce miƙati ne ana cikin tafiya a sama.