Ƙona shara don samar da lantarki: ina gizo ke saƙar?

Tambaya: Malam, ga bola ta cika mana unguwa, ga wuta ba ta zuwa. Na ji a Suwidin shara suke ƙonawa su samu lantarki. Me zai hana mu yi haka? Ko akwai illa a ciki?

Amsa: Akwai, kuma ta farko tana cikin sharar kanta. Je ka tsaya bakin bolar unguwarku da damina ka duba: ɓawon kankana, ragowar tuwo, ruɓaɓɓen tumatir, ƙasar da aka sharo daga tsakar gida. Mafi yawanta jiƙaƙƙiya ce. Ta Turawa kuwa takarda da kwali da roba ne suka yi mata yawa, shi ya sa take ci. In ka ɗura wa tanderu jiƙaƙƙiyar shara, ƙarfin wutar wajen busar da ita yake tafiya, wani lokacin ma sai an tallafa da mai.

Kuma lantarkin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tashar Reppie da Habasha ta buɗe a Addis Ababa a 2018 an tsara ta ne ta cinye tan 1,400 a kullum, ta ba da megawat 25. Tashar lantarki ta Kainji kaɗai an gina ta a kan megawat 760.

Sannan ƙonawa ba ta ɓatar da shara, kama kawai take sauya mata: hayaƙi da toka. Roba daga man fetur aka yi ta, ƙona ta da ƙona mai duk ɗaya ne wajen ɗumama duniya. In zafi bai isa ba, akan samu wata guba mai suna dayoksin, mai haddasa ciwon daji, wadda ke taruwa a kitsen dabbobi ta biyo madara da ƙwai ta dawo cikinmu. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta ce dole hayaƙin ya kai digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2, sannan a tace shi. Matatan nan su ke cin kuɗi, kuma su ake fara yi wa sakaci. Mazauna kusa da tashar Okhla a Delhi sun shafe shekaru suna zarya kotu kan wari da toka. Tokar da matata ke kamawa kuwa tana ɗauke da dalma, wadda mutanen Zamfara suka ga aikinta a 2010, don haka ita ma sai an nema mata rami na musamman.

Abin da ya fi damuna shi ne, tanderun ba ya jure yunwa. An ci bashi an gina shi, dole a ciyar da shi dare da rana na shekaru da dama. Suwidin da ka ambata har shigo da shara take yi daga Norway da Ingila. Birnin Harrisburg na Amurka kuwa bashin tanderunsa ya haura dala miliyan 300, har a 2011 ya nemi kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye.

To a nan, me zai ci? Robar da 'yan jari-bola ke tsinta su sayar, ita ce ta fi ci da wuta, ita za a fara ƙwacewa daga hannunsu. Ruɓaɓɓen kuma, manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayensa mota-mota su zuba a gona a matsayin taki.