Duk biyun gig 8 ne, me ya sa kuɗinsu ya bambanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na fi shekara ina tara kuɗi har na haɗa kwamfuta mai Core i5-12400F da RAM gig 16, katin girafik kaɗai ya rage. Mai shago ya nuna min RX 580 mai gig 8, sabo fil a kwali, da RX 6600 na hannu, shi ma gig 8, amma ya fi tsada sosai. Ya ce tunda gig ɗinsu ɗaya ƙarfinsu ma ɗaya, gara in ɗauki sabon. Wasan ƙwallo na FC da wasan yaƙi na Warzone nake bugawa a allon 1080p. Ina tsoron gumina ya tafi a banza. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka ɗauki RX 580 ɗin nan.

Maganar da mai shagon ya faɗa maka ita ce ƙaryar da na fi ji a wannan sana'a, kusan kullum sai wani ya shigo min da ita. Gig ɗin da aka rubuta a kwali girman rumbun katin ne, wurin da yake ajiye hotunan da zai zana. Mai yin zanen shi ne ƙwaƙwalwar katin. Ka ba jaki mangala mai faɗi kamar ta raƙumi, tafiyar jaki zai yi. Shi ya sa GT 730 mai gig 4, wanda har yau ake sayar wa yara da sunan katin wasa, ba ya ko kama ƙafar GTX 1050 mai gig 2. Na gaji da ganin matasa sun dawo da shi a leda, ransu a ɓace, suna tambaya ko furosesarsu ce ta lalace.

RX 580 ya fito ne a 2017, RX 6600 kuma a ƙarshen 2021, kuma a wasanni da yawa yakan kusa ninka shi gudu, alhali wat 132 yake ci, wancan kuwa 185. Ga wanda yake kan inbata ko ƙaramin janareto, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sannan sababbin wasanni sun fara rufe wa tsoho ƙofa: Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 sai katin da ke iya bin sawun haske (ray tracing, wato lissafa yadda haske ke tafiya a cikin hoto), kuma RX 6600 ne mafi ƙanƙantar katin AMD da suka lissafa. RX 580 ko gig nawa ne da shi, ba ya ciki.

Shi kuma wannan "sabo fil", ka tambayi kanka ina aka samo sabon kati na 2017. Galibin waɗanda ke yawo a kasuwa nau'in 2048SP ne, wanda a haƙiƙa RX 570 ne aka sauya wa suna. SP ɗin nan ƙananan injinan lissafi ne a cikin ƙwaƙwalwar, kuma RX 580 na ainihi 2304 gare shi, ba 2048 ba. Da yawansu kuma ƙwaƙwalwa ce da ta yi shekaru tana haƙar kirifto dare da rana. Da Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗin kirifto, ta daina haƙa da kati a Satumban 2022, sai aka ɗebo su, aka sa musu sabuwar fanka da sabon kwali, aka turo mana. Wasu ma sun fi haka rashin tsoron Allah, suna ɗaukar GTS 450 na 2010 su sauya masa BIOS, manhajar cikin katin da ke faɗin sunansa, ya riƙa amsa sunan GTX 1050 Ti. Ina roƙon 'yan uwana masu shaguna, wanda bai san bambancin ba ya tambaya, wanda ya sani kuma ya ji tsoron ranar hisabi. Ɗalibi ya hana cikinsa shekara guda, ka damƙa masa mushe a kwali mai ƙyalli, wannan algus ne, ba ciniki ba.

Ban ce gig ba shi da amfani ba. Idan ƙwaƙwalwar tana da ƙarfi, ƙarancinsa yana sa wasa ya riƙa sarƙewa, kuma gig 8 ya fara matsewa a manyan wasanni. Amma sunan katin ake fara dubawa. Ko a RTX 3060, mai gig 12 ya fi mai gig 8 gudu ne domin hanyar da ke kai masa bayanai ta fi faɗi, bit 192 a kan 128.

Don 1080p ɗinka, RX 6600 ya wadatar. In ka samu RTX 3060 mai gig 12 a kusan kuɗi ɗaya, ɗauke shi. In za ka iya ƙara haƙuri ka sayi sabo na gaske, akwai Intel Arc B580 mai gig 12 da ya fito a kan dala 249, da RX 9060 XT mai gig 16 a kan dala 349, duk da cewa kafin su iso nan kuɗin ya hau. Na Intel sai ka kunna Resizable BAR, wani saiti a BIOS na kwamfuta da ke ba furosesa damar isa ga dukan rumbun katin, kuma furosesarka tana ɗauka.

Ba ka faɗa min akwatin wutar (power supply) da ka sa a kwamfutar ba. In irin marar sunan nan ne mai nauyin gwangwani, canja shi da na kirki mai wat 550 kafin ka jona kati.

Tunda RX 6600 ɗin na hannu ne, ka tafi shagon da kwamfutarka. A sa katin a gabanka, ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka ga ko sunan da lambobin sun yi daidai da na shafin AMD, ka buga wasa na rabin awa kana kallon zafinsa, ka duba ko allo yana fitar da ɗige-ɗige ko yana ɗaukewa. Ka karɓi rasit mai lambar katin da sharaɗin mayarwa na aƙalla mako guda. In ya ce ba a gwaji a shagonsa, ɗauki kwamfutarka ka yi gaba.