Mai zanen fuska a Asawase: a raba kyauta da ciniki

Wani ƙanenmu da ke zaune a Asawase, cikin Kumasi, ya aiko da tambaya. Kirista ne, ɗan arewacin Ghana da ya tashi a zango, kuma sana'arsa zanen fuskar mutane da fenti da gawayi. Ya ce: "Yaya, babu abin da ke sanyaya mini rai kamar in miƙa wa mutum hoton mahaifiyarsa, ya tsaya yana kallo ya kasa magana. Ina jin baiwa ce Allah ya ba ni don in yi wa mutane hidima. Amma yawancin masu kawo mini aiki 'yan cocinmu ne, kunya ta hana ni yanka musu kuɗi. Wani ya ba ni abin da ya ga dama, wani ya sa mini albarka ya wuce. Yanzu mai shagon fenti a Adum yana bi na bashi. In na sa farashi, ban zubar da ladana ba?"

Ƙanena, ba ka zubar ba. A Luka 10:7 Yesu ya ce ma'aikaci ya cancanci hakkinsa, kuma Manzo Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yi a Koranti yana ciyar da kansa. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne bashin nan na Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi. Kyautar da kake yi wa 'yan coci, mai shagon fenti ne yake biyanta, alhali ba a shawarce shi ba.

Ka leƙa unguwar Suame a Kumasi ka ga shagon mai zane Kwame Akoto, wanda duniya ta sani da sunan shagon nasa, Almighty God Art Works. An haife shi a 1950, ya buɗe shago a 1972, mai wa'azi ne, har a jikin zanensa yakan rubuta kalaman gargaɗi da na bishara. Duk da haka allon masu aski yake zanawa a biya shi, fuskokin mutane a biya shi, da haka ya horar da yara masu yawa a sana'ar. Da kyauta ya riƙa rabarwa, da babu yaron da zai samu wurin koyo.

Daɗin da kake ji gaskiya ne, kuma kada kowa ya raina maka shi. Matar da mijinta ya rasu takan zo da ɗan hoton fasfo guda, ya koɗe, ya karye a tsakiya saboda daɗewa cikin jaka. Kai ne za ka zauna da ita ka tambayi inda tsagen fuskarsa yake, wace riga ya fi so, yana murmushi da haƙora a waje ko baki a rufe. Injin buga hoto zai ƙara girman fasfon da karayarsa a rana ɗaya, kuma da arha, amma wannan zama da sauraro ba ya cikin aikinsa. To, shi ne abin da kake sayarwa. Idan ka tsaya gasar arha da masu buga fosta, ka faɗi tun kafin a fara.

Ga yadda za ka yi lissafi. Ka rubuta abin da kowane zane ya ci: yadin zane, katako, fenti, buroshi, firam, kuɗin mota zuwa Adum da dawowa. A ce sun tashi sidi 300, kuɗin Ghana. A ce aikin kwana 4 ne, kuma kana buƙatar sidi 120 a rana don abinci da haya, ka ga 480 ke nan. Jimla 780, kafin ka ɗora ribar da za ta sayi kayan gaba. Duk wanda ya ba ka 400 ya sa maka albarka, kai ka cika masa 380 daga aljihunka. Kuma ka riƙa sabunta lissafin, domin fenti mai kyau daga waje ake shigo da shi, farashinsa dala yake bi. Duk wanda ya yi kasuwanci a 2022, shekarar da hauhawar farashi a Ghana ta wuce kashi 54 cikin ɗari a Disamba, bai manta ba.

Daga nan sai ka yi girma uku, ƙarami da matsakaici da babba, ka rubuta farashin kowanne a allo ka rataye a shago. Allon zai ɗauke maka kunyar. Ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ta MoMo (tura kuɗi ta waya) in ya yiwu, don shaida ta zauna a waya. Ka fara da fensir, ka tura wa mai aiki ta WhatsApp ya amince da kamannin kafin fenti ya hau, ka kuma gaya masa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. Rigimar sana'ar nan kusan duk a kan "hancin bai yi kama ba" take tashi.

Kyautar kuma kada ka daina, ka dai zaɓe ta da kanka. Ka yanke cewa zane ɗaya a wata, ko a wata biyu, na Allah ne, ka nemi wanda da gaske ba shi da hali: gwauruwa, maraya, tsohon da bai taɓa ganin fuskarsa a bango ba. Ka yi masa da fenti mafi kyau da kake da shi, ka faɗa masa tun farko cewa ko kwabo ba za ka karɓa ba. Dattijon coci mai mota biyu ba ya cikin wannan layi. In ya ce ai baiwa ce, ka amsa da ladabi: "Haka ne Baba, ga farashin a allo."

Kasuwarka ma ta fi cocinku faɗi. Asantawa sukan ajiye gawa makonni ko watanni, a taron cika mako guda ake sanar da ranar jana'iza, yawanci Asabar, kuma ana son babban hoton mamaci a wurin. Ka ƙulla zumunci da masu hayar rumfa da kujeru, su ne ke fara jin labari. Aikin da ke da ranar da ba ta ɗaguwa ka yi shi da fentin akirilik mai saurin bushewa, domin fentin mai yakan ɗauki kwanaki, balle da damina.

Maƙwabtanka Musulmi na Aboabo da Sabon Zango, da yawansu ba sa rataye hoton mai rai a ɗaki saboda addini. Kada ka matsa wa kowa. Suna buƙatar allon shago, rubutu a jikin mota, sunan makaranta a bango, kuma wannan aikin yakan riƙe ka a watan da babu odar fuska.

Bashin Adum kuwa, ka je da ƙafarka wannan makon, ka ba mutumin abin da ya samu, ku tsayar da ranakun biyan sauran. Daga kafin alƙalamin aiki biyu masu zuwa, ka fara cire nasa kafin ka taɓa komai.